Daga gida zuwa jami'a a Damagaram: tambayoyin iyaye da ɗalibai

Duk shekara, da zarar an karanta sunayen waɗanda suka ci BAC, wato jarrabawar ƙarshen sakandare da ke buɗe ƙofar jami'a, gidaje da yawa a Damagaram kan shiga shawarar da ba ta ƙarewa a zama ɗaya. Guɗa da barka na kwana biyu ne, daga nan sai lissafi. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin ɗalibai da iyaye, daga Birni da Zango har ƙauyukan Mirya da Magarya.

Yaro ya ci BAC. Wa ke da ta cewa a kan abin da zai yi gaba, shi ko iyayensa?

A takarda yaron ne, tunda sunansa ke kan sakamako kuma shi zai cika takardun rajista. A gida kuwa, duk wanda ya taɓa sa dalarsa a karatun yana da baki. Uba na da nasa. Uwa na da nata, ko da ba a zaure take faɗa ba. Sau da yawa ma mai yanke magana wani ne can daban: kawu ma'aikaci a Yamai, yaya mai aiko kuɗi daga Libiya ko Kano, ko gwaggon da ta riƙe yaron tun yana kwaleji. Ɗalibin da ya ce "ai rayuwata ce" ya yi gaban kansa, watan da kuɗin haya ya ƙare zai nemi lambar waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi amfani shi ne ka san wanda mahaifinka ke jin maganarsa. In kai ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninku, wataƙila ba ku taɓa zama kun yi doguwar magana ba. To kada ka fara ranar da kake neman izinin tafiya Yamai. Ka bi ta wajen kaka, wadda za ta iya faɗa masa komai cikin raha, ko amininsa, ko limamin unguwa.

A wane mataki yara suka fi zubewa?

Mutane na ɗauka BAC ne babban shinge, kuma gaskiya ce ba wasa ba ne, domin a shekaru da dama waɗanda ke ci a faɗin ƙasa ba sa kai rabin masu rubutawa. Amma a ganina an gama tace yaran ƙauye tun kafin nan, ranar da suka gama firamare. Makarantar firamare tana cikin gari ko kusa da shi. Kwaleji kuwa, wato ƙaramar sakandare, galibi sai an tafi babban garin ƙaramar hukuma, lise kuma, babbar sakandare, galibi sai manyan garuruwa irin Matamai, Magarya, Tanut, Gure, Mirya ko cikin birnin Damagaram. Ke nan yaro mai shekara 12 ko 13 sai an nema masa masauki.

A nan ne zumunci ke yin aikinsa, mai kyau da mara kyau. Uban da ke da ƙane ko abokin ciniki a birni zai ɗauko yaro ranar kasuwa, da ƴan tiyoyin hatsi a buhu, ya ce, "Ga ɗanka nan, amana." Mai gida ya ce, "Haba, ai gidansu ya zo." Da gaske yake faɗa. Sai dai gidan na da bakuna goma sha wani abu, hatsin ya ƙare kafin sanyi ya fita, kuma ba wanda zai buɗe baki ya ce a ƙaro. Yaro namiji ya kwana a zaure, ya yi bita a ƙarƙashin fitilar titi ko da hasken waya, ya lallaɓa. Yarinya kuwa ta zama hannun daman uwargida: shara, wanke-wanke, raino, da layin famfo. Wanda ya san matsalar ruwa a Damagaram lokacin bazara ya san abin da nake nufi. Ruwa ya zo tsakar dare, a tashe ta ta jera jarkoki, da safe ta shiga aji tana gyangyaɗi. Ƙarshen shekara maki bai kai ba, ta maimaita aji, shekara ta biyu a sallame ta. A ƙauye sai a ce ba ta da kai. Alhali ba a taɓa ba kan nata dama an gani ba.

Wannan ne ya sa aka fara gina wa ƴan mata gidajen kwana kusa da kwaleji zamanin shugaba Bazoum Mohamed, irin wanda aka buɗe a Kelle cikin gundumar Gure. Inda babu irin wannan, uban da zai ba da ɗiyarsa riƙo ya yi magana a fili tun farko: nawa zai riƙa aikowa, wane aiki za ta yi, wane lokaci ne na karatunta. Nauyin baki a wannan rana shi ke jawo ɓacin rai daga baya.

Gaskiya ne mutanen Damagaram ba sa son boko?

An daɗe ana faɗa, kuma maganar na da asali. Lakwal, wato makarantar boko, ta shigo ne tare da Faransawan da suka ci garin da yaƙi a 1899, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, kuma suka mai da Zinder, wato Damagaram ɗin, babban birnin mulkinsu har 1926 da aka koma Yamai. Garin da ke da malamai da tsangayu tun kafin zuwansu ba zai yi marhabin da makarantar wanda ya ci shi ba. Tsofaffi na ba da labarin yadda ake ɓoye yara in an zo ɗaukar ƴan lakwal.

To amma a duba yau. Tsohuwar lise ta garin sunan Kuran Daga ɗin take ɗauke da shi. Jami'ar garin na ɗauke da sunan André Salifou, haifaffen Zinder a 1942, masanin tarihi da ya yi rubutu a kan daular Damagaram ta ƙarni na 19, kuma ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Mahamane Ousmane, wanda aka zaɓa shugaban ƙasa a 1993, ɗan garin ne da ya yi karatu mai zurfi.

Uban da ke jan ƙafa a yau, galibi ba ƙiyayya ba ce, lissafi yake yi. Shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, 3 kafin lisans, wato digirin farko: shekara 16 ke nan in ba a maimaita ko ɗaya ba, kuma da wuya a ce ba a maimaita ba. Ɗan maƙwabcinsa da aka zaunar a rumfa a Kasuwar Dole tun yana ɗan shekara 15 ya yi aure, yana cefane. Wanda zai shawo kan wannan uba sai ya amsa masa lissafinsa, ba ya kira shi jahili ba.

Ɗana ya yi allo har ya sauke. Ƙofar jami'a ta rufe masa ke nan?

Ya danganta da shekarunsa da kuma ko ya haɗa da wata makarantar. Sauka kaɗai ba ta ba da takardar shiga jami'ar gwamnati, sai da BAC. Hanyar da gidaje da yawa suka bi ita ce makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda gwamnati ta amince da su tun madarasar farko da aka buɗe a Say a 1957. Yaro na iya bin su har ya rubuta BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, da BAC. Daga nan akwai Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta fara aiki a 1986, tana kuma da sashen mata a Yamai. Wasu na samun gurbi a Azhar ko Madina. Sudan da aka saba zuwa, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya toshe hanyarta.

Mafi yawan yaran birni dai haɗawa suke yi: allo da asuba ko da dare, lakwal da rana. Malaman lakwal da yawa za su gaya maka yaron da ya saba da hadda ba ya wahala wajen riƙe darasi.

Ɗiyata ta ci BAC, ga kuma masu neman aurenta. Mu jira ko mu aurar?

Kafin amsa, a san irin nisan da ta yi. Binciken ƙasa na 2012, wanda UNICEF ke yawan kafa hujja da shi, ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika 18. Dokar zaman jama'a ta sa 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma mafi yawan aure ma bisa al'ada da addini ake ɗaura shi, ba a ofishin magajin gari ba. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke cikin karatu. Duk da haka, wadda ta kai ajin ƙarshe na lise tana da shekara 19 ko 20, sa'o'inta na goye da na biyu ko na uku.

Nauyin wannan ba a kan uba ya fi sauka ba, a kan uwa ne. Ita ke zuwa suna da biki. Ita ake ce wa, cikin dariya, "Hajiya, har yanzu ɗiyar taki tana lakwal? Ko sai ta zama minista za mu ci tuwon?" Ita ta yi shekaru tana zubin adashi tana tara kwanoni da katifa. Ita kuma za a fara zagi in wani abin kunya ya faru. Saboda haka in uwa ta ce a yi aure, ba don ba ta son ci gaban ɗiyarta ba ne. Kuma in uwa ta tsaya ta ce sai an gama karatu, da wuya a ture maganar, domin ta riga ta shirya shanye surutun.

Ra'ayina: in yarinyar na son karatun kuma tana ci, kada a katse mata a shekarar farko ta jami'a, wadda ita ce mafi wuya. Manemin kirki zai iya jiran shekara ɗaya. Aure da karatu kuma ba abokan gaba ba ne. Azuzuwan jami'ar Zinder na da matan aure, wasu da goyo. Sai a tuna kuma, gidajen da ke cewa mace ba ta da buƙatar dogon karatu su ne ke neman a samo musu likita mace ko ungozoma ranar da matarsu ke naƙuda. Daga wani gida dai za ta fito.

Ya yi mini alkawari zan ci gaba da karatu bayan biki. In yarda?

Alkawarin zance a ƙofar gida ba ya da shaida. Ki sa waliyyinki ya faɗe shi a gaban magabatansa ranar da aka zo tambaya, a ji amsarsu. Sannan a fayyace ƙananan abubuwa, don su ne ke kashe karatu, ba hani kai tsaye ba: wa zai biya rajista, wa zai ba da kuɗin kabu-kabu ko adaidaita kullum, wa zai riƙe jariri ranar jarrabawa, kuma gidanku daban ne ko cikin gidan surukai za ki zauna inda girkin gida duka zai iya faɗowa kanki. In uwar miji ba ta cikin maganar, maganar ba ta ƙare ba.

Zinder ko Yamai?

A da wannan ba tambaya ba ce. Jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar, wadda ake kira Abdou Moumouni yanzu, kuma tana Yamai, nisan kusan kilomita 900 daga nan, tafiyar yini guda cur a bas. Ɗiya mace da yawa a nan karatunta ya tsaya, ba don ta faɗi ba, sai don ba a yarda ta yi nisa haka ba. A 2010 aka kafa jami'o'in Zinder, Maraɗi da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ga gidajen Damagaram wannan ba ƙaramin sauyi ba ne: yarinya ta je aji da safe ta kwana ɗakin uwarta, yaro ya ci tuwon gida.

Jami'ar André Salifou na da fannin adabi da ilimin zaman jama'a, kimiyya da fasaha, ilimin koyarwa, kiwon lafiya, da kuma cibiyar koyon fasaha ta IUT mai gajeren zango. In abin da kake so yana nan, ban ga dalilin ɗora wa gida kuɗin haya da na mota ba. In babu shi sai a wani gari, to ka tafi, amma ka san wajen wa za ka sauka kafin ka hau mota.

Zama a gida ma na da nasa haraji. Kai ne za a aika, kai ne za ka kai mara lafiya likita, kai ne wakilin gida a jana'iza. Ba wanda ke ganin mai karatu a ɗaki a matsayin mai aiki.

Ba gwamnati ke biya ba? Me ya sa kullum yana waya a aika masa kuɗi?

Akwai burs, wato kuɗin karatu da gwamnati ke ba ɗalibi, wanda hukumar ANAB ke kula da shi, amma ba kowa ke samu ba. Ana duba maki da shekaru. Wasu kuma tallafi kaɗan suke samu. Ɗakin kwana da abinci mai rahusa na hannun CROU, hukumar kula da walwalar ɗalibai, kuma gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba. Burs ɗin ma yakan makara, abin da ya sha fito da ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi. Kafin ya zo, ɗalibi na buƙatar kuɗin hoton takardun darasi, na mota, na sabulu, na intanet.

Shi ya sa za ka ga uwa a ƙauye ta sa an kai ɗan akuyarta kasuwa, ta ƙulle jika goma a bakin zane, ta ba ƙanen ɗalibin ya kai Nita ko Amana, kamfanonin aika kuɗi, ta ce, "Ka ce masa kada babansa ya ji." Karatun jami'a da yawa a jihar nan da irin wannan kuɗi aka yi shi. Ɗalibi kuma ya ji tsoron Allah: wanda ya ce kuɗin littafi ne alhali na sabuwar waya ne, ya san daga inda suka fito.

Babana ya ce sai likitanci, ni kuwa BAC A na yi.

Wannan mai sauƙi ce. BAC A na ɓangaren adabi ne, likitanci kuwa na masu C da D ne, ɓangaren kimiyya, kuma an raba hanyar tun shigarka lise. Ka samu wani malaminka ya yi masa bayani. Iyaye na ambaton likita ne don shi ne aikin da suka ga amfaninsa da idonsu. Ka nuna masa alƙali, malamin lise ko ɗan jarida da ya bi hanyar da kake kai.

Yajin aiki da zanga-zanga fa? Muna tsoron a lalata mana yaro.

Tsoron na da tushe. Har yau ɗalibai na tunawa da 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy a Yamai. Yajin malamai ko na ɗalibai kuma kan ja shekarar karatu ta shiga cikin wata, lisans na shekara 3 ya ci 4 ko fiye. Gida ya sa wannan cikin lissafi tun farko, don kada a zargi yaro da wasa a kan jinkirin da ba shi ya jawo ba. Batun lalacewa kuwa, yaron da ya bar karatu ya zauna fada daga safe har dare bai fi ɗan jami'a tsira ba.

Kano ta fi Yamai kusa. Me zai hana mu kai shi can?

Ta fi kusa nesa ba kusa ba, kuma da wuya gidan Damagaram da ba ya da dangi a Kano, Daura ko Katsina. Sai dai karatun can da Ingilishi ake yi, kuma shiga jami'a irin Bayero na da nata ƙa'idoji da jarrabawa. Yaron da ya yi shekara 13 da Faransanci zai buƙaci lokaci ya gyara harshe. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya kuma nuna cewa hanyar na iya tsukewa ba shiri. Babban abin dubawa, can ko a makarantu masu zaman kansu na nan gida: kafin a biya ko dala, a tabbatar gwamnatin Nijar na amincewa da takardar da za a bayar. Akwai gidajen da suka sayar da gona, aka dawo da takardar da ba a karɓa a jarrabawar ɗaukar aiki.

Ni ban yi lakwal ba. Da me zan taimaki ɗana?

Da abubuwan da malami ba zai iya ba. Ka bar shi ya koma ranar da aka buɗe makaranta a Oktoba, ko da ba a gama ɗaure dammunan hatsi ba. Ka je makarantar ko sau ɗaya a shekara ka gaisa da shugabanta; yaro na canzawa in ya san ubansa ya san ƙofar. Ka sa a karanta maka takardar sakamako, ka tambayi na nawa ya zo. A shekarar BEPC da ta BAC a rage masa aike, ita kuma a sauke mata tallan. Uwa da ke tashin yarinya da asuba ta yi bita maimakon daka ta yi rabin aikin.

Ni ne babba a gidanmu, mahaifina ya tsufa. In tafi jami'a ko in tafi bida?

Ba wanda zai amsa maka wannan daga nesa, kuma duk wanda ya ce maka amsar a fili take bai taɓa ganin rumbu ya ƙare a watan bakwai ba. Abin da zan ce shi ne kada ka ɗauka hanya biyu ce kawai. Akwai karatu mai gajeren zango da ke kai mutum ga aiki da wuri, irin na IUT, makarantar horon malamai ko ta aikin lafiya. Akwai ɗalibai da ke koyarwa a makarantu masu zaman kansu da yamma, ko su yi kabu-kabu ranakun hutu. Kuma ka zauna da ƙannenka da baffanninka a yi maganar a fili: "Ku riƙe gida shekara 3, in na fito ni zan ɗauki karatun su wane." Gidaje da yawa haka suka yi, ɗaya ya ja ɗaya. Sai dai wanda aka yi wa haka ya sani bashi ne ya ci, kuma ranar da ya fara ɗaukar albashi, zaurensa ne zai zama masaukin yaran ƙauyensu.

Tunda Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya daina zama dole?

Kundin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma darasin jami'a da littattafanta da jarrabawarta da Faransanci suke tafiya, ban da fannonin Larabci da na harsuna. Yaron da bai iya rubuta shafi guda mai tsabta da shi ba zai sha wuya, komai kaifin kansa.

Ga masu digiri nan zaune ba aiki. In baba ya faɗi haka, me zan ce?

Kada ka musa, gaskiya ya faɗa. Gwamnati ba ta ɗaukar kowa kamar zamanin da. Da yawa kan yi bautar ƙasa, daga nan su shiga koyarwa da kwantaragi ko su jira jarrabawar ɗaukar aiki. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ta sa samari da yawa sun yi mafarki, amma masana'anta ɗaya ba ta ɗauke jiha guda. Abin da za ka nuna masa shi ne ka san inda karatunka ke kaiwa: wane aiki, wa ya yi shi ya samu, kuma me za ka yi da hannunka in aikin ofis bai zo ba. Ka ce, "Baba, ku ba ni shekara 3, kuma duk hutu ina rumfa tare da ku." Uba ya fi yarda da ɗan da ya ga yana iya ciniki ko noma ko gyaran waya a gefen karatunsa.

Wace takarda ce ta fi ba mutane wahala wajen rajista?

Takardar haihuwa. Yaran ƙauye da yawa ba a yi musu ita lokacin haihuwa ba, sai daga baya a je kotu a yi wadda ke maye gurbinta, a ƙiyasta shekara. In an ƙara wa yaro shekaru a wannan rana, zai iya rasa burs saboda su. Sannan a duba rubutun suna: Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, ko sunan uba ya canza tsakanin takardar haihuwa da ta BEPC. Gyaran na ɗaukar lokaci, don haka a yi shi tun yaro na lise, a kuma nemi takardar shaidar ɗan ƙasa kafin sakamakon BAC ya fito.